Ragowar da Ke da Iyaka

A Novosibirsk, hawa na uku, ɗakin da bututun ɗumi ke tari,
Rimma Ilyinichna ta ɗauki alli da yatsun da sanyi ya ƙame
ta rubuta ɗaya bisa x.
Ta jawo layi daga dama, yana rarrafe, yana ɗago kai,
da ya doshi sifiri sai ya miƙe ya fice ta saman allo.
Ɗan'uwansa na hagu ya gangara, ya yi ta nutsewa
har allin ya karye a bakin katako.

Na ce, to a tsakiyar nan, nawa ne?
Ta ce, Ilnur, ba a tambayar wuta nauyinta.

A waje dusar ƙanƙara ta binne kekuna har sirdi.
Shayina ya huce ban sani ba.

Ta ce, ka taɓa kafa ƙusa?
Kafin guduma ta sauka babu ƙarfi, bayan ta sauka babu,
tsakani kuwa ƙiftawa ce da agogo bai kama ba.
Amma ga ƙusa ta shige.
Bar tambayar bugun. Tambayi itacen.

Nemo layi mai santsi, marar ƙaho, marar tsagi,
mai tashi sannu ya kwanta sannu kamar ƙirjin mai barci,
ka haɗa shi da wannan mahaukacin,
ka tara abin da suka haifa tun daga gabas har yamma.
Amsar da ya ba kowane baƙo irin wannan, ita ce sunansa.
Wanda ba a san ƙimarsa a ɗigo ba
ana sanin halinsa a zama da jama'a.

Sai ta sa hannu biyu ta rufe sifirin.
Yanke ɗan giɓi, in ji ta, hagu da dama daidai wa daida,
ko da gashi ɗaya kada wani ya fi.
Bashin hagu zai cinye ribar dama.
Matse giɓin, ƙara matsewa.
Abin da ya tsaya bai gudu ba, shi ne naka.

Na ji daɗi, na yi rawar kai.
Na ce, in kuma x ya ninka kansa a ƙasa fa?
Hannu biyun duk sama suka nufa, wa zai biya wa?

Ta daɗe tana kallon taga.
Ta ce, nan babu mai biya.
Sai dai ka ware abin da ke kumbura, da saninka,
ka ajiye shi gefe,
ka riƙe ragowar da ke da iyaka, ka ci gaba da aiki.
Kuma ka rubuta a gefen takarda cewa kai ka ware shi.
Kada ka ce bai taɓa zama ba.

Sai daga baya Taisiya mai ajiye riguna ta gaya mini,
tana miƙo min kwat ɗina, murya ƙasa-ƙasa:
ɗanta Vsevolod, kogin Ob, ƙarshen Maris,
ƙanƙara ta buɗe baki ƙarƙashin sawunsa.
Shekara goma sha ɗaya ke nan.
Duk shekara takan ɗauki hutun kwana uku,
jajibiri, da ranar, da kashegari.
Ba ta taɓa cewa komai a kan ta tsakiyan ba.
Amma duba yadda take ɗaure wa ɗalibai gyale a ƙofa,
yadda take tsayawa in ta ji ƙarar ƙanƙara a kan rufi.

Ban tambaye ta ba.
Na riga na koyi inda ba a tambaya.

Yanzu ni ke riƙe da alli a ɗakin nan.
Bututun bai daina tari ba.
Jiya wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu,
ta ce, a tsakiyar nan, nawa ne?
Na duba hannayena,
sun riga sun rufe sifirin.